Gwangwani Biyu na Kabo

A unguwar da ke bayan tashar manyan motoci ta Gaya, in ka tambayi gidan Mahamadu Karakara, mutane sai su tsaya tunani. In ka ce Kabo kuwa, har mai tallar goro zai nuna maka ƙofar da haɓa yana murmushi, don da wuya ka samu wanda Kabo bai taɓa yi wa wata tsiya ba.

Ɗan manoma ne. A Karakara aka haife shi, gidan da ake noma gero da dawa, kuma tun yana ƙarami aka gane shi da hauya ba za su daɗe tare ba. In an fita gona shi ne mai ba da labari, sauran su ne masu noma. Yana da shekara goma sha bakwai ya bi wata motar albasa zuwa Gaya, ya ce wa mahaifiyarsa kwana biyu zai yi. Kwana biyun nan ne suka zama shekara arba'in da ɗoriya. Ya yi aparanti, wato yaron mota, ya samu parmin tuƙi, aka ba shi kamiyo, babbar motar kaya, ya riƙa zirga-zirga tsakanin Kwatano da Yamai har ya san kowane rami na hanyar kamar ɗan uwansa.

A tashar nan ya gamu da Asabe, lokacin tana sayar da dafaffen zogale da ƙuli, wanda a nan ake ce wa kopto. Ya faɗa mata motar da yake ja tasa ce, kuma yana da wasu biyu a Paraku. Ta saurare shi tsaf, ta ƙara masa yaji. Washegari mai motar ya zo tasha yana ta zazzaga masa faɗa a kan wata taya, Kabo na tsaye da hula a hannu, Asabe na kallo daga bayan tirenta. Da mutumin ya tafi sai ta ce, “Alhaji, wanga yaron naka ya cika tsawa. Ka sallame shi mana.” Kabo yakan ce a ranar ya san ya samu matar aure. Suka haifi ƴaƴa biyar, Ilham ce auta.

Hanya ce ta koya masa shan kafe, wato gahawa. Baƙi yake sha, mai kauri, cokali biyu na gari a ɗan kofi, sau biyar ko shida kafin rana ta faɗi. Da gwiwa ta hana shi taka birki ya ajiye mota, amma bai ajiye kafe ba. Sai ga hannu ya fara rawa, zuciya na dukan ƙirji kamar mai neman hanyar fita. Asabe ta tasa shi gaba har likita.

Anfirmiye, wato malamin jinya, ya ɗaura masa abin awon tansiyo don ya ga hawan jini, ya duba, ya sake dubawa.

“Baba, mi kake sha?”

“Ruwa,” in ji Kabo.

“Ruwa mai launin kwalta,” in ji Asabe daga bakin ƙofa. “Sau shida.”

Aka rubuta masa magani, aka ce ya rabu da kafe. Ya ce to. Kwana uku yana ciwon kai yana masifa da kaji, a na huɗu ya ce zai je gaisuwar mutuwa. Ya dawo da fara'a, yana warin kafe tun daga zaure. A mako guda sai da ya je gaisuwar mutuwa sau biyar. Asabe ta ce in ya ci gaba haka, Gaya za ta ƙare kafin damina. Ta ɗauki salula ta kira Ilham, wadda ke aiki a ɗakin girkin wani otel a Yamai.

Bayan kwana huɗu kar ɗin Yamai, motar fasinja, ya sauke ɗan kwali. A ciki akwai gwangwani wanda bai fi na tumatir girma ba, da wani ɗan maburgi na gora mai tsinke-tsinke kamar tsintsiyar ƴar tsana. Kabo ya buɗe gwangwanin, ya ga gari kore shar mai laushi kamar kwalli. Ya kira ɗiyar tasa.

“Auta, kuka ta ƙare mana ne a Gaya?”

“Baba, ba kuka ba ce. Ganyen shayi ne na ƙasar Japan, niƙa shi ake yi. Sunansa maca.”

“Mace?”

“Maca, Baba. Shina wartsake mutum, amma a hankali, ba kamar kafe ba. Na tambayi likita, ya ce kofi guda da safe ba laifi. Guda fa na ce. Kuma kada ka zuba masa ruwa yana tafasa, ka bari ya huce kaɗan, sannan ka burga har ya yi kumfa.”

Ya yi yadda ta ce. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce ya san ɗanɗanon nan, shi ne na ciyawar bakin kogi in an yi ruwa. Ya zuba madarar gwangwani da sukari har sai da abin ya koma launin ganyen kabewa, sannan ya shanye. Asabe na tsaye a kansa, ba halin zubarwa.

Abin da bai zata ba shi ne shayin zai kama shi. Cikin mako biyu ciwon kan ya tafi, rawar hannu ta ragu, gaisuwar mutuwa ma ta yi sauƙi. Sai ya zama in ya dawo daga sallar asuba ba abin da yake ɗoki kamar ya hura gawayi, ya ɗora buta, ya zauna yana jiran ruwa ya huce. Kuma Kabo ba mutumin da zai samu sabon abu ya ɓoye a ɗaki ba ne. Ya fito da kayansa ƙofar gida, ƙarƙashin dogon yaro, inda fadarsu take.

Tun da aka rufe gadar kan iyaka fadar ta cika, don direbobi da yawa ba su da wurin zuwa. Amma mutum biyu ne ba su fashi. Ɗaya Yahaya ne, Bafillace dillalin shanu, wanda shi da Kabo, da yake Ba'are ne a ƙabila, wasan taubashi ya ba su damar zagin juna tun safe har azahar ba mai fushi. Ɗayan Idrisa ne, tsohon mai fitar wa ƴan kasuwa kaya a duwan, wato kwastan, mutumin da ba a taɓa ambaton wani abu a duniya ya ce bai san shi ba.

“Mi ne ne wanga kuma?” in ji Yahaya. “Ba'are ya fara kiwo da bakinsa?”

“Shayin manyan mutane ne. Ba na masu bin saniya ba.”

Idrisa ya karɓi gwangwanin, ya juya shi, ya duba rubutun da ba ya iya karantawa, ya gyaɗa kai. Ya ce ai ya sha irinsa a Lome wurin wani kaftin na jirgin ruwa, shekara ashirin da suka wuce.

Ranar Kabo ya ba su kurɓi ɗai-ɗai. Washegari suka zo da kofunansu. Jibi suka zo da wasu mutum uku. Kafin wata ya ƙare gwangwanin ya nuna gindinsa, Ilham ta aiko da na biyu tare da gargaɗi cewa abin nan tsada gare shi, ba na rabon sadaka ba ne. Kabo ya zauna da gwangwani biyu a gabansa, ɗaya cike, ɗaya wayam, yana tunani. Hana abokai ba zai yiwu ba, Yahaya zai kai labarin rowarsa har kasuwar shanu. Ba su kuwa asara ce. Yana cikin haka idonsa ya faɗa kan tabarmar da Asabe ta shanya zogale a inuwa. Har yanzu sana'arta ke nan, tana busar da shi, tana daka wani ta sayar wa mata masu sa wa yara a kunu.

Ya jira ta tafi kasuwa. Ya ɗebi garin, ya tankaɗe shi da rariya, ya sake tacewa da tsohon ɗankwali har ya yi laushi, ya cika tsohon gwangwanin. Ya karce gindinsa da ƙusa don kada ya ruɗe.

Da safe ya sha nasa na gaske a cikin gida, sannan ya fito da na baƙi. Ya ƙara wa abin tsari. Ya ce a Japan ba a magana in ana burgawa, kuma da hannu biyu ake karɓa, a juya kofi sau uku kafin a kai baki. Ga dattawa shida zaune shiru a kan benci, kowa na juya kofi, Kabo na ta maza kada dariya ta kuɓuce masa.

Idrisa ya kurɓa, ya lumshe ido.

“Yauwa. Wanga ya fi na farko. Shi ne ainihin na Lome.”

Yahaya ya ce tun da ya fara sha bayansa ya daina ciwo. Wani direba ya ce shi idonsa ne ya ƙara gani. Kabo ya ce ai kaɗan ma suka gani.

Wata biyu aka yi a haka. Asabe ta ga garinta na raguwa. Ta zargi ɓera, amma ɓera ba ya rufe murfi in ya gama. Wata rana ta yi kamar ta tafi kasuwa, ta dawo ɗaukar mayafi, ta leƙa ta saman katangar madafa. Ga maigida durƙushe, ɗankwalinta a hannu, yana tace zogale yana ƴar waƙarsa. Ta tsaya ta kalli ikon Allah har ya gama, ta ga inda ya ajiye gwangwanayen biyu a saman kabad, ta juya ta fita.

Ranar Juma'a da ya tafi masallaci ta sauko da su. Ta juye na gasken a faranti, ta juye zogalen a wani, ta goge kowanne, ta musanya. Mai karce a gindi ya koma na Japan, marar karce ya koma na zogale. Ta mayar da su yadda ta same su, ta ɗora tukunyar shinkafa.

Asabar da safe Kabo ya haɗa nasa da madara da sukari, ya shanye, ya lashe baki, ya ce kai, abu mai kyau ba ya ɓuya. Asabe ta ce gaskiya ne, Malam. Ya fita fada da ɗaya gwangwanin, yana zuba wa kowa cokali cike, tun da a saninsa zogale ne, ba abin tattali ba.

Idrisa ya juya kofi sau uku, ya kurɓa, ya tsaya.

“Kabo, an canja shayin nan.”

“Wa zai canja shi?”

“Ni dai na san abin da na sani. Wanga jabu ne. Ji wani ƙarni-ƙarni kamar na kifi. Ka faɗa wa ɗiyarka ƴan Yamai sun cuce ta.”

Yahaya ya tofar da nasa, ya ce Ba'are ya fara ha'inci, ƙila ganyen mangwaro ya daka musu. Kabo ya rantse cewa abin da ya saba ba su shi ya ba su, kuma a iya saninsa gaskiya ya faɗa. A ransa ya ce ƙila zogalen wannan karon bai bushe da kyau ba. Don ya rufe musu baki sai ya ƙara musu cokali.

Suna ƙorafi suna sha. Kuma wani abu ya sauya a fadar. Mutanen da a da hantsi na yi suke fara hamma, yanzu sai su kai azahar suna gardama a kan farashin shanu da ranar da za a buɗe gada, ido tar, murya sama. Shi kuwa mai shayin sai ya jingina da dogon yaro, kai na sarawa, gyangyaɗi na fizgarsa. Ran nan har barci ya kwashe shi baki buɗe, Yahaya ya ɗora masa takalmi a ka, aka ɗauki hoto.

“Asabe,” in ji shi da rana, “anya ba tsufa ba ne ya zo mini gaba ɗaya?”

“Ka ƙara shan shayinka mana, Malam.”

Ya ƙara. Kofi biyu, har uku, yana satar idon Asabe don kada ta kai ƙara Yamai. Ita kuma ta riƙa kau da kai tana ba shi dama.

Kwana goma sha biyu ana haka, sai Ilham ta zo sunan ɗan yayarta. Da safe ta fito gaida mutanen fada, ta durƙusa ta gaida Baba Yahaya da Baba Idrisa. Kabo ya ga damar nuna ɗiyarsa, ya ce ta shiga ta ɗauko gwangwaninsa na saman kabad, marar karce, ta haɗa masa a gabansu yadda ake yi a otel, su ga aikin masu ilimi. Ta ɗauko. Ta buɗe, ta kai hanci, ta dangwala da yatsa ta lasa.

“Baba, wanga ai zogale ne.”

Kabo ya zabura.

“Wane irin zogale? Ba wannan ba ne na zogalen, ɗayan ne…”

Sai da maganar ta fita ya ji ta. Ya kai hannu baki, amma ta riga ta isa kunnen Yahaya.

“Ɗayan?” in ji Yahaya a hankali. “Wane ɗayan, Ba'are?”

Ilham ta ɗauki gwangwanin baƙi da ke kan benci, ta leƙa. Saura ɗan kaɗan a gindi. Ta shinshina, ta dubi mahaifinta da tausayi.

“Wanga shi ne na gasken. Baba, duk kun shanye?”

Daga cikin zaure aka ji muryar Asabe, wadda ta daɗe tsaye a nan da tsintsiya a hannu.

“Su suka shanye. Shi zogalena yake sha tun waccan Juma'ar. Wata biyu yana ɗibar mini gari yana ba bayin Allah, na ce bari shi ma ya ji daɗin da suke ji.”

Yahaya ya faɗo daga benci. Dariya yake yi har da hawaye, yana dukan ƙasa, yana cewa a kira masa Fulanin kasuwa duka su zo su ga Ba'aren da ya yi wa kansa sata. Direbobi suka riƙe ciki. Idrisa kaɗai ya zauna ƙyam, ya gyara hula, ya ce shi dama tun farko ya ji alamar zogale, ya yi shiru ne don kada ya kunyata mai gida.

“Na Lome fa?” in ji Yahaya yana share ido.

“A Lome ma akwai zogale,” in ji Idrisa.

Kabo ya dubi gwangwanin da ya rage saura kaɗan, ya tuna yadda ya riƙa cika musu cokali da hannunsa, har yana ƙari. Ya dubi matarsa. Ya so ya yi fushi, ya nemi ta inda zai fara bai samu ba. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, shi ma ya fashe.

“Shekara talatin da biyar,” in ji shi, “ban taɓa cin nasara a kan matar nan ko sau ɗaya ba.”

A nan take fada ta yanke masa tara irin ta taubasai: zakara biyu, a soya, a ci a ƙofar gidansa. Ya biya ranar Lahadi, Yahaya ya cinye cinyoyin. Da aka zo maganar shayi kuwa, sai mutanen suka ce su a mayar musu da na da, wanda suka saba. Na Japan ɗin ƙarni gare shi, kuma yana hana su barcin rana. Daga ranar Asabe ce ke kawo musu garin da kanta, Yahaya har saya yake yi ya kai ruga. Juya kofi sau uku ne kawai suka daina, ban da Idrisa, wanda ya ce shi haka ya saba tun da can.

Kafin Ilham ta koma ta zaunar da mahaifinta, ta ce laifin madara da sukari ne, wanda ya cika su ko garin katako aka ba shi zai sha. Ta sa shi ya sha zalla, ruwa da gari kawai. Ya yi kwanaki yana yamutsa fuska, daga baya harshensa ya gane abin: ɗaci kaɗan a farko, sannan wani zaƙi-zaƙi da ke zuwa daga baya ya zauna a maƙogwaro. Yanzu haka yake sha, kofi guda bayan asuba, a tsakar gida, kafin kowa ya fara surutu. Kafe kuwa ko an ba shi kyauta sai ya ce a kai kasuwa.

Da gwangwani na uku ya iso, Kabo ya tafi kasuwa da kansa ya sayo ƴar akwatin ƙarfe da kwaɗo. Ya saka shayin a ciki, ya kulle, ya rataya makulli ɗaya a wuya, ya ɓoye ɗaya a aljihun rigar sallarsa. Ya ce yanzu ya ga wanda zai taɓa masa kaya.

Kwaɗon da makulli uku ya zo. In ya fita fada da hantsi, Asabe takan ɗora ruwa, ta bari ya huce kaɗan, ta ɗebi rabin cokali ta burga a ɗakinta. Ita ma zalla take sha. Kabo yakan ce gwangwanayen yanzu ba su da auki kamar na da, ita kuma takan ce ai komai na zamani haka yake, Malam.